Tsarawa da Gina Unguwa Mai Haɗa Kasuwa da Mazauni: Nazarin Aikin Tsohuwar Tashar Lantarki ta Battersea a Landan

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake tsarawa da gina unguwar da ta haɗa shaguna da ofisoshi da gidajen kwana a fili guda, ta hanyar bin diddigin aiki ɗaya, wato sake raya tsohuwar tashar wutar lantarki ta Battersea da ke bakin kogin Tems a birnin Landan. An bi aikin tun daga rufe tashar a 1983 zuwa buɗe ta ga jama'a a 2022. An duba yadda filin ya riƙa sauya hannu, da yadda aka samar da hanyar sufuri, da yadda aka raba ginin zango-zango domin wani zango ya ciyar da wani. Maƙalar ta nuna cewa a irin wannan aiki, jerin abubuwan da aka fara biyan kuɗinsu shi ke tantance waɗanda za su iya zama a unguwar, domin alƙawarin da aka ajiye a zangon baya shi ake fara zaftarewa idan lissafi ya ƙi.

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga Oktoba, 2022 aka buɗe ƙofofin tsohuwar tashar wutar lantarki ta Battersea ga jama'a, bayan ginin ya shafe kusan shekara 40 a rufe. Wanda ya shiga a ranar zai tarar da shaguna da gidajen cin abinci a zaurukan da a da injina ke ruri, ga ofisoshi a samansu, ga kuma gidajen kwana 254 a sassan ginin da kan rufinsa. A kewayen tashar kuwa, cikin filin da ya kai eka 42, benaye ne na zama, wasu an tare wasu ana kan aikinsu. An ƙiyasta kuɗin aikin baki ɗaya a kan fam biliyan 9.

An zaɓi wannan aiki ne saboda dalilai biyu. Na farko, kusan kowane mataki nasa an yi muhawara a kansa a bainar jama'a, don haka abubuwan da sukan ɓoye a ofisoshin kamfanoni a nan sun fito fili. Na biyu, sau uku ana yunƙurin raya filin ana faɗuwa kafin na huɗu ya tsaya da ƙafarsa, kuma gazawar nan uku sun fi nasarar bayyana abin da irin wannan gini yake buƙata. Maƙalar ba ta nufin yabon aikin ko kushe shi. Manufarta ita ce mai karatu ya fahimci yadda ake ƙulla shi, da kuma inda ƙullin yakan matse wasu ya sassauta wa wasu.

2.0 Ma'anar Haɗa Kasuwa da Mazauni

Zama a inda ake sana'a ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Zaure wurin karɓar baƙi ne, amma kuma nan maɗinki da baduku da malami suke aikinsu, kuma sunayen unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki a birnin Kano shaida ne a kan cewa sana'a da mazauni tare suka tashi. Haka tsofaffin biranen Turai suke, kanti a ƙasa, iyali a sama. Raba su shi ne sabon abu. Hayaƙi da ƙazantar masana'antun ƙarni na 19 su suka sa masu tsara birane suka ga gara a nesanta wurin kwana da wurin aiki, har taron masu zanen gini na 1933 da ya haifar da Yarjejeniyar Atina ya kasa birni gida huɗu: wurin zama, da wurin aiki, da wurin shaƙatawa, da hanyoyin zirga-zirga. A Birtaniya dokar tsara gari ta 1947 ta wajabta neman izinin hukuma kafin a yi gini ko a sauya amfanin da ake yi da fili. Wannan tunani ya iso Nijeriya ta hannun Turawan mulkin mallaka, ta dokar garuruwa ta 1917 da ta keɓe unguwannin Turawa, da kuma dokar tsara gari ta 1946 da aka kwaikwayo daga ta Ingila.

Daga baya aka ga illar rabuwar. Unguwar ofisoshi takan zama kufai da dare, unguwar kwana ta zama kufai da rana, kowa kuma sai ya hau mota kafin ya sayi ko da burodi. Marubuciyar nan Ba'amurkiya Jane Jacobs ta yi suna a 1961 da hujjar cewa titin da yake da rai da tsaro shi ne wanda mutane daban-daban suke bi a lokuta daban-daban saboda buƙatu daban-daban. A kan wannan hujja masu gini na yau suke kafa lissafinsu. Ma'aikatan ofis su ke ciyar da shaguna da rana a ranakun aiki, mazauna su karɓa da yamma da ƙarshen mako, shagunan kuma su ɗaga darajar gidajen da ke samansu. Idan kasuwar gidaje ta faɗi, hayar ofis na iya riƙe kamfani, haka nan akasin haka.

Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin tsohon haɗin da sabon. A tsohuwar unguwa, mai shago shi ne mai gida, kuma unguwar takan girma ne a hankali, ɗaki bayan ɗaki, ta hannun mutane da yawa. A sabon tsarin kamfani ɗaya ne ke riƙe da filin duka, shi zai yanke yawan shaguna da yawan gidaje da farashinsu tun kafin a haƙa harsashi, kuma da wuya wanda ke tsaron shagon ya iya biyan hayar gidan da ke samansa. Ke nan haɗa nau'o'in amfani da fili abu ne daban, haɗa nau'o'in mutane kuma abu ne daban. Wannan bambanci shi ne zaren da ya ratsa labarin Battersea.

3.0 Filin da Ya Kayar da Kamfanoni Uku

An fara gina rabin farko na tashar a 1929, aka kammala shi a 1935, sannan rabi na biyu ya cika a 1955, lokacin da bututun hayaƙi na huɗu ya tashi. Giles Gilbert Scott ne ya tsara fuskar ginin ta waje, wadda aka yi da jan bulo kusan miliyan 6. A ganiyarta tashar ta riƙa samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar Landan. An kashe rabin farko a 1975, na biyu a 1983. Kafin nan, a 1980, gwamnati ta saka ginin cikin jerin gine-ginen tarihi masu kariyar doka, aka kuma ƙara masa daraja a jerin a 2007. Wannan kariya ita ta mai da shi ƙadangaren bakin tulu ga duk wanda ya sayi filin: doka ta hana a rushe shi, gyara shi kuma yana cin kuɗin da ba ya dawowa da wuri.

Wanda ya fara gwadawa shi ne John Broome, mai wurin shaƙatawa na Alton Towers, wanda ya so mai da tashar gidan wasanni. An cire rufin domin fitar da injina, sai kuɗi suka ƙare a 1989, aka bar ginin a buɗe ruwan sama yana cin ƙarfensa har tsawon shekara 20 da ɗoriya. A 1993 kamfanin Parkview na Hong Kong ya karɓi filin, ya yi ta zane da neman izini, amma bai gina kome ba har ya sayar a 2006 a kan fam miliyan 400 ga kamfanin Real Estate Opportunities mai tushe a ƙasar Ailan. Wannan kamfani shi ya ɗauko mai zanen gini Rafael Viñoly ya yi babbar taswirar filin, majalisar ƙaramar hukumar Wandsworth kuma ta amince da ita a 2010. Amma durƙushewar tattalin arzikin duniya ta 2008 ta riga ta karya bankunan da yake dogaro da su, a ƙarshen 2011 bashi ya ci shi.

A 2012 aka sake sa filin a kasuwa. Cikin masu zawarci har da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Chelsea, wadda ta so gina filin wasa a wurin. Waɗanda suka yi nasara gamayyar kamfanonin Malesiya ce: S P Setia da Sime Darby, kowannensu da kashi 40 cikin ɗari, sai asusun fanshon ma'aikatan ƙasar da kashi 20. Farashin bai sauya ba, fam miliyan 400 ne. Abin lura shi ne ba su sake zane ba, taswirar Viñoly da izininta suka gada. Don haka ba kyan tsari ne ya bambanta su da na baya ba. Abubuwa biyu suka samu waɗanda magabatansu suka rasa: kuɗi masu haƙuri irin na asusun fansho, da ba a neman ribarsu gobe, da kuma tabbacin cewa jirgi zai iso wurin.

4.0 Jirgin Ƙasa da Bashin da Ya Kawo Shi

Duk da cewa Battersea tana kallon unguwannin masu hali na Chelsea da Pimlico a tsallaken kogi, yankinta na Nine Elms wuri ne na ɗakunan ajiyar kaya da layukan dogo, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda shi ne ƙafar mutanen Landan, ba ya zuwa can. Shago ba ya rayuwa da mazauna dubu kaɗan da ke samansa, sai da masu zuwa daga nesa. Babban kamfani kuma ba zai kama ofis inda ma'aikatansa za su sha wahalar isa ba. Ita ma hukuma ba za ta ba da izinin cunkusa dubban gidaje a wurin da ba shi da mafita ba.

Maganin da aka samo shi ne tsawaita layin jirgi na Arewa da kimanin kilomita 3 daga tashar Kennington, da sababbin tashoshi biyu, ɗaya a Nine Elms ɗaya a bakin tashar lantarkin. An fara aikin a 2015, aka buɗe layin a ranar 20 ga Satumba, 2021, bayan an kashe kusan fam biliyan 1.1. Yadda aka biya shi ne ya cancanci a tsaya a kai. Hukumar birnin Landan ce ta ciyo bashin da ya kai fam biliyan 1 da lamunin gwamnatin Birtaniya, aka tsara biyansa ta hanya biyu: gudummawar da kamfanonin gini na yankin za su bayar, wadda rabon masu Battersea a ciki ya haura fam miliyan 200, da kuma ƙarin harajin wuraren kasuwanci da za a riƙa tarawa daga sababbin shaguna da ofisoshin yankin har tsawon shekara 25.

Wato dai an ci bashi a kan harajin shagunan da ba a gina ba, domin a yi hanyar da in babu ita ba za a gina su ba. Wannan dabara ta ɗaure hukuma da kamfani da igiya ɗaya. Daga ranar da aka sa hannu, faɗuwar aikin ta zama asara ga baitulmalin birni, kuma hukumar da ya kamata ta tsaya a matsayin alƙali ta zama mai ruwa da tsaki. Bugu da ƙari, saboda nauyin kuɗin jirgin, ƙaramar hukumar Wandsworth ta yarda a wannan yanki a wadatu da kashi 15 cikin ɗari na gidaje masu rangwame, abin da ya gaza wanda take nema a sauran sassanta. Tun kafin a aza bulo ɗaya ke nan, masu ƙaramin ƙarfi sun riga sun biya wani ɓangare na kuɗin jirgin da gidajen da ba za a gina musu ba.

5.0 Raba Aiki Zango-Zango

Babu kamfanin da ke ajiye fam biliyan 9 a banki kafin ya fara gini. Abin da ake yi shi ne a raba filin zango-zango, a fara da wanda zai kawo kuɗi da wuri, a zuba kuɗinsa a na gaba. A Battersea ba da tashar aka fara ba, da gidajen sayarwa aka fara. Zangon farko, Circus West Village, gidaje 865 ne a yammacin tashar, da ƙananan shaguna da wuraren cin abinci a ƙasansu da kuma cikin bakunan gadar dogo da ke kusa. An sa su a kasuwa a farkon 2013 tun suna kan takarda, aka tallata su a Landan da biranen Asiya, mafi yawansu kuma suka ƙare cikin 'yan makonni. Mazaunan farko sun tare a 2017.

Sayar da gida tun yana kan takarda yana yi wa mai gini amfani biyu. Kafin alƙalamin da masu saye suka bayar kuɗi ne a hannu, takardun cinikin kuma su ne hujjar da banki ke nema kafin ya saki bashin gini. Illarsa ita ce yana karkata zane zuwa ga ra'ayin mai zuba jari, wanda zai iya ajiye kuɗinsa shekara huɗu yana jira, maimakon magidancin da ke neman inda zai sa iyalinsa bana.

Zango na biyu shi ne tashar kanta, kuma a nan babban ɗan haya ya yi tasiri. A watan Satumba na 2016 kamfanin Apple ya ba da sanarwar kama ofis mai faɗin murabba'in ƙafa 500,000 a hawa shida na tsakiyar ginin, domin ma'aikata kusan 1,400. A sana'ar gini ɗan haya irin wannan kamar turke yake: da zarar an kafa shi, ƙananan 'yan haya sukan zo su ɗaure a jikinsa, ginin kuma ya zama kadarar da za a iya ƙiyasta kuɗin shigarta na shekaru masu yawa. Hakan ta sa a 2019 aka iya sayar da ɓangaren kasuwanci na tashar, tun ba a gama shi ba, a kan kusan fam biliyan 1.6 ga asusun zuba jari na gwamnatin Malesiya, PNB, tare da asusun fanshon da aka ambata. Da waɗannan kuɗi aka ƙarasa gyaran.

Zango na uku ya nuna yadda ake sarrafa ƙafar mai tafiya. Daga bakin tashar jirgi zuwa ƙofar kudu ta tashar lantarki an shimfiɗa titin da mota ba ta bi, mai suna Electric Boulevard, shaguna dama da hagu, a samansu kuma benayen da Frank Gehry ya zana a gefe guda da na kamfanin Foster a ɗaya gefen, har da otal. Duk wanda ya sauka daga jirgi sai ya ratsa ta gaban shagunan nan kafin ya isa inda ya nufa. Ba a yi hakan da ka ba, domin hayar shago da yawan masu wucewa ta ƙofarsa ake yanke ta.

5.1 Wahalar Ɗora Gida a Kan Shago

A takarda abu ne mai sauƙi a ce shago a ƙasa, gida a sama. A wajen injiniya kuwa buƙatun biyun kishiyoyi ne. Shago yana son fili mai faɗi, rufi mai tsawo, da ginshiƙai 'yan kaɗan masu nisa da juna. Gidajen kwana suna son ginshiƙai kusa-kusa da bangaye masu yawa, da bututan ruwa da ke sauka a miƙe daga banɗaki zuwa banɗaki. Inda tsarin biyu suka haɗu dole a yi wani kakkauran daɓe ko manyan ƙarafa da za su karɓi nauyin sama su rarraba shi ga ginshiƙan ƙasa, kuma wannan hawa yana cikin mafi tsada a ginin. Sannan ga sauran rigingimu: ƙofa da lif na mazauna dabam da na masu sayayya, hayaƙin girkin gidajen abinci sai an ja shi har saman bene don kada ya shiga tagogin mutane, manyan motocin kaya da na shara suna buƙatar hanyarsu a ƙarƙashin ƙasa, kowane sashe kuma sai an katange shi daga wutar da ka iya tashi a ɗan'uwansa. Bayan an tare ma da sauran magana, domin sai an yanke wa zai biya kuɗin gadi da shara da fitilun harabar da kowa ke amfani da ita.

A cikin tashar Battersea duk waɗannan sun taru a gini ɗaya wanda ba a yarda a taɓa kamanninsa ba. Kamfanin WilkinsonEyre da ya zana gyaran ya sa shaguna a zaurukan injina biyu, ofisoshi a ɗakin tukwanen tururi da ke tsakiya, gidaje kuma a sassan gabas da yamma da kan rufi. Domin a bar mashiga a buɗe ba tare da dajin ginshiƙai ba, an kafa wasu manyan ƙarafa masu rassa kamar bishiya su ɗauki nauyin ofisoshin sama. An kuma buga sabon bulo sama da miliyan ɗaya da rabi mai launin na asali domin cike wuraren da suka lalace.

Bututan hayaƙin nan huɗu, waɗanda su ne alamar ginin, sun fi kome tayar da ƙura. Binciken injiniyoyi ya nuna ƙarfen da ke cikin kankarensu ya yi tsatsa, aka yanke shawarar sauke su a sake zuba su. Masu kare gine-ginen tarihi sun ji tsoron kada a sauke, kuɗi su ƙare, a maimaita abin da ya faru da rufin a 1989. Saboda haka hukuma ta gindaya sharaɗin a fara da guda ɗaya, sai an ga ya sake tashi zuwa wani tsayi kafin a taɓa sauran ukun. An kammala su a 2017. Babu ɗan haya ko ɗaya a cikin bututun hayaƙi, in ban da na arewa maso yamma da aka sa wa lif mai kai 'yan kallo tsayin mita 109. Duk kuɗin wannan aiki daga sauran sassan unguwar aka tatso su.

6.0 Lissafin Riba da Gidaje Masu Rangwame

A Ingila, sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990 ya ba ƙaramar hukuma damar ƙulla yarjejeniya da mai gini: a ba shi izini, shi kuma ya yi wa jama'a wani abu, kamar makaranta ko hanya ko gidajen da za a bayar ƙasa da farashin kasuwa. Amma yawan abin da zai bayar ya dogara ne a kan wani lissafi da ake kira gwajin yiwuwar aiki. Ana ƙiyasta kuɗin da za a samu idan an sayar da kome, a cire kuɗin gini, da ruwan bashi, da darajar fili, da kuma ribar mai gini, wadda ƙa'idar gwamnati ta ɗauka tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Abin da ya rage shi ne rabon jama'a. A ƙaddara ana sa ran samun 100, gini da bashi su ci 60, fili 12, riba 18. Saura 10 ke nan. Idan kuɗin gini ya tashi zuwa 66, ba a taɓa fili domin an riga an saya, ba a taɓa riba domin ƙa'ida ta kare ta, sai goman nan ta koma 4. Rabon jama'a shi ne ragowa, ragowa kuwa ita ke fara ƙanƙancewa.

Abin da ya faru a Battersea ke nan. Izinin aikin ya ƙunshi gidaje 636 masu rangwame daga cikin gidaje sama da 4,000, wato kashi 15 ɗin nan. A 2017 masu aikin suka koma wa hukuma da cewa kuɗin gyaran tashar ya zarce ƙiyasi, kasuwar gidaje masu tsada kuma ta yi sanyi. A watan Yuni na shekarar kwamitin tsara gari na Wandsworth ya amince a rage adadin zuwa 386, wato kusan kashi 9, da sharaɗin a sake duba sauran 250 ɗin nan gaba idan riba ta farfaɗo. Magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya soki matakin da kakkausar murya, amma yadda aka shigar da buƙatar, a matsayin gyara ga tsohuwar yarjejeniya, bai ba shi ikon hanawa ba. A wannan shekarar ce kuma ofishinsa ya kafa ƙa'idar cewa aikin da ya ba da kashi 35 za a sauƙaƙa masa bin matakan izini, wanda ya gaza haka kuwa sai ya buɗe littafin lissafinsa.

Hujjar masu aikin ba ta banza ba ce, kuma adalci ne a faɗe ta. Sun ceto ginin da ya gagari kamfanoni uku, sun zuba kuɗi a layin jirgin da dukan yankin ke mora, sun buɗe wa jama'a bakin kogin da ya daɗe a katange, an kuma samu dubban guraben aiki. Da aikin ya tsaya a 2017, da ko gida 386 ɗin ma ba a gani ba. Sai dai a ganin mai wannan nazari, ƙarfin hujjar tasu ya samo asali ne daga lokacin da aka kawo ta. A 2017 an riga an sayar da zangon farko, an fara haƙa ramin jirgi, an sauke bututan hayaƙi an mayar, Apple ya sa hannu. Kowane babban alƙawari an riga an ɗaure shi da kwangila ko da bashi, in ban da guda ɗaya da aka tura zangunan baya, wanda kuma masu cin gajiyarsa ba su da kujera a teburin ciniki, tun da ba a ma san su wane ne ba tukuna. Da an sa gidajen rangwame cikin zangon farko, ko an ɗaure tarewa a gidaje masu tsada da kammala su, da tilas a nemi ragin a wani wuri, ko a farashin fili ko a riba ko a ƙawar benayen Gehry.

Gidaje 386 ɗin an gina su, tare da ƙungiyar samar da gidaje ta Peabody, a rukunin da ake kira New Mansion Square. Wasu na haya ne mai rahusa, wasu kuma na tsarin da mutum ke sayen wani kaso na gidan yana biyan hayar sauran. Ba a cakuɗa su da benayen bakin kogi ba. An tara su ne a wani fili na dabam, kudu da babban titin Battersea Park, kusa da layin dogo da tsofaffin gidajen hukuma. A zaɓen watan Mayu na 2022 jam'iyyar Leba ta karɓe majalisar Wandsworth daga hannun 'yan mazan jiya, waɗanda suka riƙe ta tun 1978, kuma samar da gidaje masu rahusa yana cikin manyan batutuwan da ta yi yaƙin neman zaɓe da su. Bayan zaɓen ita ce ta gaji zama da masu Battersea a kan zangunan da suka rage a gabashi da kudancin filin, inda nan ne kaɗai sauran wurin da gidajen nan 250 za su iya samun gurbi.